Laftof ɗinmu ta cika kuma ta fara ƙara, in sayi SSD ko in bari a yi fomatin?

Ga saƙon da wata 'yar'uwa ta turo:

"Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Dan Allah shawara nake nema akan laftof ɗin gidanmu. Ta kai shekara bakwai a hannunmu, faifan cikinta 500GB ne kuma ya cika har layin ya koma ja. In na kunna ta sai na je na yi wani aikin na dawo kafin ta gama tashi, kwanan nan kuma ta fara wata ƙara kas-kas-kas daga ciki, wani lokacin in na buɗe folda sai ta tsaya cak. A cikinta akwai hotunan marigayi mahaifinmu da muryoyinsa da muka ɗauka, akwai aikin digirina na biyu da ban gama ba, ga lissafin kasuwancin maigidana. Babu kwafin ko ɗaya a wani waje. Ƙanina ya ce in sayi SSD kawai a yi kilonin a mayar da komai, mai gyara kuma ya ce in kawo ya yi fomatin za ta dawo sabuwa. Ni dai tsoro nake ji, kuma gaskiya ba na son in bar ta a shago da hotunanmu na gida a ciki. Wanne zan bi?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashinsa.

Amsar a taƙaice: kar ki bi ko ɗaya daga cikinsu tukuna. In ma da wannan laftof ɗin kike karanta amsar nan, dan Allah ki kashe ta ki ci gaba a waya. Ba wasa nake ba. Ƙaninki da mai gyara duk suna magana ne akan yadda kwamfutar za ta yi sauri, ke kuma matsalarki ta gaggawa ba sauri ba ce, matsalarki ita ce muryar mahaifinki tana zaune a wuri ɗaya tak a duniya kuma wurin ya fara nuna alamar gajiya. Sauri zai iya jira sati biyu, wata ɗaya ma. Kwafi ba zai jira ba.

Bari in gaya miki abin da ke yin ƙarar, saboda in kin gane shi ba sai na yi ta roƙonki ba. Irin faifan da ke cikin kwamfutarki, wato HDD, a cikinsa akwai faranti mai juyawa, a laftof galibi sau 5400 a minti ɗaya, sannan akwai wani ɗan hannu siriri mai kai a ƙarshensa da ke shawagi a saman farantin ba tare da ya taɓa shi ba, tazarar da ke tsakaninsu ko ƙwayar ƙura ta fi ta girma nesa ba kusa ba. Shi wannan kan shi ke karantawa da rubutawa. Idan ya je neman wani abu ya kasa karantawa sai ya koma mazauninsa ya sake fitowa, ya sake kasawa ya sake komawa, to wannan kai-komon ne kike ji kas-kas-kas, kuma a lokacin ne Windows ke tsayawa cak tana jiran amsar da ba ta zo ba. Gaskiya ne ba kowace ƙara ba ce ta faifai, fanka ma in ta tara ƙura tana yi, amma ƙarar fanka gurnani ce mai ci gaba kuma tana ƙaruwa in kwamfuta ta yi zafi, ba ta hana folda buɗewa. Taki ta haɗa ƙara da daskarewa wajen buɗe fayil, ga shekara bakwai. Ni ba na buƙatar wata shaida kafin in ce a yi hattara. Faifan da ya kai nan zai iya ƙara wata shida, zai iya ƙin tashi gobe da safe, babu mai iya gaya miki, dan haka duk awar da yake kunne ki ɗauke ta awa ce mai tsada, kar a ɓata ta wajen kallon bidiyo.

To abu na farko da za ki saya ba SSD ba ne (wato sabon nau'in faifai mai sauri da ƙaninki ke magana a kai), faifan waje ne mai kebul ɗin USB, 1TB ya isa, 2TB ya fi in da hali. Sai kin riƙe shi a hannu sannan ki kunna laftof ɗin. Ki sa ta a caji, ki ɗora ta kan tebur mai ƙarfi ba kan katifa ko cinya ba, kar a motsa ta tana aiki, ki shiga saitin wuta ki hana ta yin barci da kanta. Ki rufe duk wani abu da ya buɗe, burauza da sauransu.

Yanzu ga inda mutane suke kuskure, sai su ja duk faifan C gaba ɗaya su jefa a faifan waje su tafi su kwanta, da safe su tarar abin ya tsaya a kashi goma sha wani abu saboda fayil ɗaya ya ƙi karantuwa, kuma abin da ya samu wucewa tarkacen Windows ne da ba mai buƙata. Ke ba haka za ki yi ba. Za ki jera kayan ne bisa yadda rashinsu zai yi ciwo. Muryoyin Baba da hotunansa su ne farko, folda ɗaya bayan ɗaya, in ta gama ki ɗauko ta gaba. Sai aikin digiri, wanda ma bai kamata ya dogara da faifan waje kaɗai ba, rubutu ne ba shi da nauyi, da kin kunna ki tura wa kanki ta imel a minti biyu an wuce wurin. Sai lissafin maigida. Sai sauran hotuna da takardu. Finafinai da waƙoƙi da duk abin da za a iya sake saukewa daga intanet su ne ƙarshe, in faifan ya mutu kafin a zo kansu babu wanda zai yi kuka. Kuma Copy za ki danna, ba Cut ba, dan Allah, kar a cire komai daga inda yake, kar kuma ki ce bari ki goge wasu abubuwa dan a samu fili, yanzu ba lokacin shara ba ne. In wani fayil ya ƙi, ta rubuto miki cewa ba ta iya karantawa, ki danna Skip ki rubuta sunansa a takarda ki wuce, kar ki tsaya kina sake gwadawa sau goma, wannan nacin shi ke ƙarasa faifai.

Mafi yawan kayanki suna cikin C, cikin Users, cikin foldar da ke ɗauke da sunan mai amfani: Desktop, Documents, Pictures, Videos, Music, Downloads. Ki duba Downloads da kyau, mutane na raina ta amma a nan rabin muhimman takardu suke kwana. In maigida yana da nasa akawun daban a kwamfutar to shi ma yana da tasa foldar a cikin Users, kar a manta. Akwai kuma waɗanda ba sa fitowa fili. In kina amfani da Zotero wajen tara madogaran aikinki, tana da folda mai sunanta a nan cikin foldar mai amfani, ki kwashe ta duka. In maigida da wata manhajar lissafi yake aiki ba Excel ba, ya zauna da kansa ya fitar da bakof daga cikin manhajar, saboda ba lallai bayanan suna Documents ba, shi ya san abinsa. Kalmomin sirrin da burauza ta riƙe muku shekara da shekaru, waɗanda na tabbata rabinsu kun manta, ki tabbatar an haɗa burauzar da akawun ɗinki ko ki fitar da su. Wannan ya sa nake cewa ki gaya wa maigida tun yau, kar ki ɗauki nauyin kayansa ke kaɗai, in wani abu ya ɓace daga baya kar ya zama ke ce kika taɓa.

Abubuwan da ba za ki yi ba, ko wa ya ce ki yi: kar ki sa ta yin chkdsk, wato binciken kurakuran faifai na Windows, kar ki yi difrag, wato sake jera fayiloli a kan faifai, kar ki sa manhajar kashe bayiros ta binciki faifan duka. Dukkansu suna tilasta wa kan nan ya bi farantin lungu-lungu na awanni. Za ki ji masu cewa a sa faifan a firiza ya kwana, ko a ɗan bubbuga shi, ki yi musu godiya ki wuce, sanyi na jawo raɓa a ciki, bugu kuma na sa kan ya karce farantin, kuma abin da aka karce ya tafi har abada. Buɗe murfin faifan kansa kuwa haramun ne a gida ko a shago, masu ceto bayanai na gaske a ɗaki na musamman mai tace iska suke buɗewa. Idan kika kunna ta ƙi tashi sam, ko tana cikin kwafi ƙarar ta ƙaru ta ƙi ci gaba, ki kashe ki tsaya nan. Daga nan aiki ya koma na wanda ya san kayan ceto irin su ddrescue, wadda ke fara kwashe wuraren da ke da lafiya da sauri ta bar masu ciwo sai ƙarshe. Ki tambayi mutum kai tsaye ko ya san yadda ake ɗaukar hoton faifai mara lafiya kafin a taɓa shi, in ya fara kame-kame ki ɗauki kayanki.

In Allah ya sa kwafin ya kammala, da sauran rina a kaba. Ki cire faifan wajen ta hanyar da ta dace, ki kai shi wata kwamfutar daban, ki buɗe kayan da idonki. Ki kunna muryoyin nan ki ji suna fita har ƙarshe, ki buɗe hotuna daga farko da tsakiya da ƙarshen kowace folda, ki buɗe babin ƙarshe na aikinki. Ki danna dama akan folda ki shiga Properties, za ta nuna miki adadin fayiloli da girmansu, ki gwada da na asali. Kwafin da ba a buɗe an gani ba zato ne kawai. Sannan muhimman nan guda uku ki ƙara musu kwafi na biyu a ranar, ko a filas ko a kwamfutar ƙaninki, kafin a taɓa sukuru ko ɗaya.

Bayan wannan ne za ki iya sauke wata ƙaramar manhaja kyauta mai suna CrystalDiskInfo, tana karanta rahoton da faifai ke ajiyewa akan lafiyar kansa. In ta nuna shuɗi ta ce Good, in rawaya Caution, in ja Bad. Ki duba layin 05 da layin C5, na farko adadin gurabun da suka lalace aka musanya su ne, na biyu waɗanda ake shakkarsu yanzu. Amma ko ta nuna shuɗi kar ki saki jiki, faifai na iya mutuwa rahotonsa na cewa lafiya lau, kunnenki ya riga ya ji abin da ya ji.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: ki duba ko an kulle faifan da BitLocker, wato tsarin Windows da ke rufe bayanan faifai ta yadda sai da mabuɗi ake karanta su. Wasu laftof suna kunna shi da kansu in an shiga da akawun ɗin Microsoft, mai ita bai ma sani ba. In a kunne yake, ranar da aka ciro faifan aka haɗa shi da wata kwamfuta zai nemi mabuɗi mai lamba 48, in babu shi ba mai iya buɗewa, har su Microsoft ɗin. Mabuɗin galibi yana ajiye a cikin akawun ɗin Microsoft da aka shiga da shi, ki shiga ta waya ki nemo ki rubuta a takarda ki adana.

To yanzu mu dawo kan mutanenki biyu.

Mai gyara dai bai ba ki shawara mai kyau ba, ban ce da mugun nufi ba, fomatin ne maganin da hannunsa ya saba da shi kuma sau da yawa yana aiki in matsalar tarkacen manhaja ce. Amma fomatin ba ya gyara ƙarfe. Zai share komai ya zuba sabuwar Windows akan faifan da ke mutuwa, ki ga ta ɗan yi sauƙi na sati biyu, sannan ƙarar ta dawo, wannan karon kuma babu hotunan. Ko ya ce zai kwashe miki kaya kafin ya yi, shi bai san wace folda ce ranki ke kai ba, zai kwashi abin da ya gani ne.

Ƙaninki ya fi shi kusa da gaskiya, rabin maganarsa daidai ce. SSD kam ki saya, babu wani gyara da zai canja tsohuwar laftof kamarsa. Ba shi da faranti ba shi da hannu, babu abin da ke motsi a ciki, dan haka ba ya ɓata lokacin neman inda abu yake. Tsohon faifanki a ranar da yake da lafiya bai fi ya ba da wajen 100MB a daƙiƙa ba, SSD mai haɗin SATA, wato irin mahaɗin da tsohon faifanki ke amfani da shi, na kaiwa kusan 550MB, amma ba ma wannan lambar ce za ki ji a jiki ba, abin da za ki ji shi ne kwamfutar da ke cin mintuna kafin ta tashi ta koma tashi cikin daƙiƙu. Inda ban bi shi ba shi ne kilonin. Kilonin na nufin a karanta duk abin da ke tsohon faifai a zuba a sabon yadda yake, Windows da manhajoji da komai, kuma abu ne mai kyau in faifan lafiyarsa ƙalau, akwai Clonezilla kyauta, kamfanoni irin Samsung ma suna ba da tasu manhajar ga wanda ya sayi nasu. Amma a sa faifai mai kas-kas ya karanta kusan 500GB ba tsayawa na awanni, kamar a ɗora wa mara lafiya buhu ne a ce ya haura bene da shi. Ko ya tsaya a tsakiya, ko ya ƙarasa mutuwa a wurin, ko ya gama amma ya kwaso lalatattun fayilolin Windows ya kai sabon gida ki yi ta fama da matsalar da ba ki san tushenta ba. Ga tarkacen shekara bakwai da zai biyo. Ni a naki yanayin sabuwar Windows zan zuba akan SSD, in mayar da kayana daga faifan waje, in sake sa manhajojin da nake amfani da su da gaske, za ki yi mamakin yadda ba su fi biyar ko shida ba.

Wane iri za ki saya? Kar ki je kasuwa da ka. Ki juya laftof ɗin ki karanta lambar samfurinta a ƙasa, ki nemi littafin gyaranta a shafin kamfanin da ya ƙera ta. Tunda HDD ke ciki, kusan tabbas SSD mai inci 2.5 na SATA zai shiga gurbinsa daidai. Wasu laftof na shekarun nan suna da ƙarin gurbi na M.2, wani ɗan siririn allo, wanda aka fi samu shi ne 2280 wato faɗin milimita 22 tsawon 80. A nan ake yin asara, saboda M.2 iri biyu ne, akwai mai SATA akwai mai NVMe, da ido sun yi kama amma ba kowane gurbi ke karɓar duka biyun ba, sai mutum ya saya ya soka kwamfuta ta ƙi ganinsa. In littafin bai fito da maganar ƙarara ba ki tsaya akan mai inci 2.5, ga aikin rubutu da lissafi da hotuna ba za ki ga bambancin da zai dame ki ba. Girma kuma, tunda kun cika 500GB kar ki sake sayen 500GB, ki ɗauki 1TB. In kin haɗa za ki ga Windows ta nuna 931GB, ba cutarki aka yi ba, masu ƙerawa da dubu suke lissafi Windows kuma da 1024. Ki riƙa bar masa fili kamar kashi goma zuwa ashirin cikin ɗari, SSD ba ya son a cika shi maƙil.

Ki sayi sunan da aka sani, Samsung, Kingston, WD, Crucial da ire-irensu, a wurin da za ki iya mayarwa in da matsala. Jabu sun yi yawa musamman a filas da faifan waje, za ki ga an rubuta 2TB a jiki, kwamfuta ma ta nuna 2TB, alhali ainihin abin da ke ciki ɗan kaɗan ne, kina zubawa yana goge na baya a ɓoye, sunayen fayiloli na nan amma in kin buɗe babu komai. In arahar ta yi yawa ki gudu. Akwai manhaja mai suna H2testw da ke cika faifai da bayanai ta sake karantawa dan ta tabbatar da girmansa na gaskiya, tana cin lokaci amma akan sabon faifan da babu komai a ciki ya cancanta. Af, tunda za a buɗe cikin, ki duba RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita in tana kunne, in 4GB ne a ƙara ya kai 8GB in tana karɓa, aiki ɗaya kenan.

Kafin ranar canji ki tanadi filas mai aƙalla 8GB wanda babu komai a ciki dan za a goge shi, a wata kwamfutar mai lafiya a sauke Media Creation Tool daga shafin Microsoft a haɗa filas ɗin zuba Windows. In Windows ɗinki ta asali ce, lasisin na manne da madabod, wato babban allon cikin kwamfutar, ba da faifai ba, dan haka in ta nemi mabuɗi wajen zubawa a zaɓi cewa babu, a zaɓi irin wadda take kai da, Home ko Pro, da ta hau intanet za ta kunna kanta. Ki sani dai Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma na buƙatar wani ɓangaren tsaro na cikin kwamfuta mai suna TPM 2.0 da firosesa da ba ta tsufa sosai ba, a ɓangaren Intel daga ƙarni na 8 zuwa sama, kwamfuta mai shekara bakwai tana kan iyaka ne, za ta iya shiga za ta iya ƙi, littafin nan da lambar firosesar za su gaya miki. A sauke direban Wi-Fi a ajiye a filas tun kafin a fara, ba abin haushi kamar sabuwar Windows da ba ta ganin intanet. Office da duk wata manhajar da kuka saya, a nemo akawun ko mabuɗinsu tun yanzu.

Maganar barin ta a shago da hotunanku, damuwarki a kan hanya take kuma kar ki bari wani ya ce kin cika zargi. Abin daɗin shi ne hanyar da na ba ki ta warware wannan da kanta. Duk sirrinki a tsohon faifan yake. Ki je da ƙaninki ko maigida, ki ce a ciro tsohon a gabanki, aikin minti goma zuwa ashirin ne a yawancin laftof, ki karɓa ki sa a jaka, sannan ki bar musu kwamfutar da sabon SSD da babu komai a ciki su zuba Windows su ɗauki duk lokacin da suke so. Ba su buƙatar kalmar sirrinki, ba su buƙatar faifan wajenki, mayar da kaya ke za ki yi a gida. In mai gyara ya ce ki bar masa tsohon ya rage miki kuɗin aiki, a'a. In kuma ƙaninki ne zai yi a gida, ya kashe ta gaba ɗaya ya cire caja, in ya buɗe ya fara zare haɗin batir kafin komai, ya taɓa ƙarfe ya sauke wutar jikinsa, ya riƙa ɗaukar hoto a kowane mataki, kuma ya jera sukurori yadda ya ciro su saboda ba tsawonsu ɗaya ba, dogon sukuru a gajeren rami na iya huda madabod. Kebul ɗin faifan a wasu laftof siriri ne kamar takarda, a hankali ake ɗaga maƙallinsa, ba a fizga.

Yanzu abin da nake so ya zauna miki bayan an gama komai kwamfuta na gudu kowa na murna: SSD ba bakof ba ne. Shi ma yana mutuwa, kuma ta wata fuskar ya fi tsohon rashin kirki, dan tsohon ya yi miki ƙara ya ba ki sanarwa, shi wannan sau da yawa shiru kawai zai yi, jiya lafiya yau kwamfuta ba ta ganinsa. Kuma abin da kika goge bisa kuskure kika zubar daga kwandon shara, a HDD akan iya dawo da shi, a SSD akwai wani tsari mai suna TRIM da ke share gurbin ba da jimawa ba, dawo da shi sai an yi sa'a sosai. Ga sata, ga ruwa ya zube a kai, ga yaro ya ja caja ta faɗo.

Ƙa'idar da masu harkar suka daɗe a kai ana ce mata 3-2-1: kwafi uku na duk abin da ba ki son rasawa, a kan na'ura iri biyu, ɗaya daga ciki ba a gidan ba. A wurinki wannan ba wani abu ne mai wuya ba. Na ɗaya a laftof. Na biyu a faifan wajen da kika riga kika saya, ki kunna File History na Windows ki nuna mata shi, duk sanda kika haɗa za ta kwashi abin da ya canja kuma tana ajiye tsofaffin zubi, wanda ga mai rubuta aikin digiri babbar ni'ima ce ranar da kika goge babi kika yi sabin a kai. Ki sa rana ɗaya a sati a wayarki ta riƙa tuna miki, ki haɗa, ya gama, ki cire ki ajiye a wani ɗakin, ba cikin jakar laftof ba dan ɓarawo da jakar yake tafiya. Cirewar na da muhimmanci, akwai bayiros masu kulle fayiloli su nemi kuɗin fansa, irin WannaCry da ya addabi duniya a 2017, kuma irinsu duk faifan da suka tarar a haɗe suna kulle shi tare.

Na uku shi ne na nesa. Google na ba da 15GB kyauta amma haɗe yake da Gmail da Google Photos, OneDrive na ba da 5GB. Ba za su ɗauki duka kayanki ba amma za su ɗauki aikin digiri da lissafi da muryoyin Baba cikin sauƙi. Sai dai ki gane yadda suke aiki, in kin sa folda tana daidaita kanta da intanet, abin da kika goge a nan ya gogu a can, yana zama a kwandonsu kwana 30 ne kawai sannan ya tafi. Kuma Google na iya rufe akawun ɗin da aka yi shekara biyu ba a shiga ba, dan haka kar ki buɗe sabon akawun ki zuba kaya ki manta da shi. Filas ma kar ki mayar da shi ma'ajiyar dindindin, na ɗaukar kaya ne daga nan zuwa can, yana ɓata yana lalacewa ba sallama.

Hotunan Baba da muryoyinsa kuwa, ni a ganina bai ma dace su zauna a hannun mutum ɗaya ba, ba naki ba ne ke kaɗai. Ki yi wa kowane ɗan'uwa kwafi cikakke, ƙaninki ya fara karɓa tunda shi ne mai son harkar. In ta WhatsApp za ki tura, ki tura su a matsayin dokumen ba a matsayin hoto ba, in ba haka ba zai matse su ya rage musu kyau, bayan shekaru a tarar abin da ya rage a hannun kowa dusu-dusu ne.

Tsohon faifan ki sa shi a leda ki rubuta kwanan wata a jiki ki ajiye a aljihun tebur wata uku zuwa shida, saboda tabbas akwai abin da za ki tuna ba ki kwasa ba, sai a sa shi a ɗan akwatin USB a gwada ɗaukowa. Kar dai ki ƙirga shi cikin kwafi ukun nan. Ranar da kika tabbatar ba ki buƙatarsa, kar ki sayar kar ki bayar, fomatin na sama-sama ba ya hana a dawo da hotuna, a huda shi da na'urar huda ƙarfe wuri biyu ko uku ta kan farantin sannan a kai inda ake karɓar tarkacen kayan lantarki.

In kin gama kwafin ki turo min lambar samfurin laftof ɗin da kalar da CrystalDiskInfo ta nuna, da lambobin da ke layin 05 da C5, sai in gaya miki takamaiman SSD ɗin da zai shiga da kuma ko za ta ɗauki Windows 11. Allah ya ba da sa'ar kammala karatu.